Injin gashi mai murfi: Abin lura ga mai sana'ar abinci kafin ya zuba jarinsa

Duk matafiyin da ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Ƙiru, inda titi ya rabu, reshe guda ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ya zarce Saminaka da Jos. Nan direbobi ke yada zango, fasinjoji su sauka su miƙe ƙafa, masu shayi da masu tsire da masu gurasa su yi ciniki. A 'yan shekarun nan wani sabon baƙo ya fara bayyana a kan teburan masu abinci a garuruwan bakin hanya irin wannan, bayan ya gama cika birnin Kano. Shi ne injin gashi mai faranti biyu, na sama da na ƙasa, wanda ake sa abinci a tsakiya a danne shi da murfi. Masu shawarma suna ce masa tosta, kuma da wannan suna za ka tambaye shi a kasuwa a gane abin da kake nufi.

Masu sayensa ba matasa 'yan shawarma kaɗai ba ne. Akwai ma'aikacin gwamnati da ya karɓi kuɗin sallama yana neman abin da zai riƙe gida da shi, da malamar makaranta da ke karɓar kwangilar abincin biki da na taro a ƙarshen mako, da ɗan kasuwar birni da ke son buɗe wa ƙaninsa shago a ƙauyensu. Ga irin waɗannan, kuskuren zaɓe ba ƙaramar asara ba ce, domin kayan wuta idan ka fita da su daga shago ka kunna, da wuya mai shago ya karɓe su. Kuma kuskuren da ya fi yawa, a gani na, mutane ba sa yin sa a kan injin kansa. Suna yin sa ne a kan wutar da za ta tayar da shi.

Yadda yake aiki ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Kowane faranti yana da ƙarfen hita a bayansa, wuta na ratsa shi ya yi zafi, zafin ya shiga farantin. Da yake abinci na taɓa ƙarfe mai zafi ta fuska biyu a lokaci guda, ba a buƙatar juyawa, kuma lokacin gashi yana raguwa zuwa kusan rabi. Akwai maballi mai daidaita zafi, wanda a injinan sana'a yakan kama daga maki 50 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas. Idan faranti ya kai zafin da aka zaɓa sai wutar ta yanke da kanta, idan ya huce ta dawo. Wanda ya fi shahara da wannan fasali a duniya shi ne injin da aka fito da shi a Amurka a 1994 da sunan George Foreman, ɗan damben nan da Muhammad Ali ya buge a Kinshasa a 1974. An sayar da fiye da miliyan 100 na wannan inji, sai dai na girkin gida ne, kuma danginsa ne suka cika shagunan kayan wuta a kan farashi mai sauƙi. Daga nan ruɗanin yake farawa.

Na gida da na sana'a

Injin gida an yi shi ne don ya gasa burodin mutum uku ko huɗu da safe, a kashe shi a ajiye. Farantinsa siriri ne, jikinsa roba, nauyinsa bai wuce yaro ya ɗauka da hannu ɗaya ba. Idan aka bar shi a kunne daga la'asar zuwa sha ɗayan dare, kamar yadda sana'a ke buƙata, robar takan fara narkewa a wajen maɗaurin murfi, wayar ciki ta ƙone, shafen da ke kan farantin ya fara ɓarewa yana bin abinci. Na sana'a kuwa jikinsa ƙarfe ne mara tsatsa, farantinsa kauri gare shi, kuma mai faranti ɗaya ma yakan haura kilo 15. Saboda haka gwaji na farko da mai saye zai yi a shago shi ne ya ɗaga injin. Idan ya tashi ba tare da ka yi nishi ba, to na ɗakin amarya ne, komai rantsuwar mai shago.

Sai batun abin da aka yi farantin da shi, wanda kusan iri uku ne. Ƙarfen zubi, wato baƙin ƙarfe mai nauyi, yana jinkirin ɗaukar zafi, yakan ci minti 10 zuwa 15 kafin ya shirya, amma idan ya ɗauka ba ya saki da wuri. Wannan ita ce fa'idarsa ga wanda ke bakin titi: motar fasinja ta tsaya, mutum goma sun yi oda a lokaci guda, ka sa na farko ka cire ka sa na biyu, farantin bai huce ba. Aibinsa tsatsa, musamman da damina, don haka yana son a riƙa shafa masa mai bayan an goge shi. Na alminiyam yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci, yana kuma saki da sauri. Yawancinsa ana shafe shi da sinadarin nan mai hana kamu da ake kira Teflon, wanda ke fara lalacewa idan zafi ya haura maki 260, kuma wuƙa ko cokalin ƙarfe na kankare shi. A shagon da yara ke aiki, kowa da hannunsa, shafen ba ya daɗewa. Na uku mai farantin gilashi ne na musamman, yana da sauƙin gogewa da tsimin wuta, amma yana da tsada, kuma idan ya tsage a Tudun Wada ko Riruwai, neman madadinsa sai an yi tafiya, wataƙila ma ba a samu ba. Ga mai sana'a a wannan yanki, ƙarfen zubi ne ya fi dacewa da hali.

Fuskar farantin ma iri biyu ce, mai tsaga-tsaga da mai santsi. Mai tsaga ita ke bar wa burodi ko shawarma layukan nan masu jan ido, kuma kitse na bin kwarin tsagar ya gangara. Mai santsi tana taɓa abinci ko'ina, ta fi saurin gasawa, ta fi sauƙin wankewa, kuma idan aka ɗaga murfin za a iya soya ƙwai a kanta. Da yawan masu sana'a sukan zaɓi mai tsaga a sama, mai santsi a ƙasa, kuma suna da gaskiya. Mai shayin da ke son ƙara burodi da ƙwai gasasshe a cikin hajarsa, ko mai gurasar da ke son ɗumama ta kafin ya barbaɗa ƙuli da yaji, wannan haɗin ne zai yi musu aiki biyu da kuɗi ɗaya.

A duba murfin da kyau. Akwai wanda ke buɗewa kamar littafi, yana danne bayan abinci ya bar gaba a ɗage, sai ka tarar gefe ya ƙone gefe bai gasu ba. Mai kyau shi ne wanda murfinsa ke lilo a kan maɗaurinsa, ya zauna daidai a kan abinci komai kaurinsa, kuma yana da ƙusar da ake ɗaurewa ko sassautawa don kada nauyin murfin ya matse shawarma har miyar ciki ta tsiyaye. Haka nan a ja tiren da kitse ke taruwa a ciki, a ga ko yana fita cikin sauƙi.

Lissafin wuta

Nan ne ya kamata mai saye ya zauna da biro da takarda. A bayan kowane inji ko a ƙarƙashinsa akwai ɗan allo da ke nuna ƙarfin wutar da yake ja. Na sana'a mai murfi ɗaya yakan ja wat 1,800 zuwa 2,200, mai murfi biyu kuwa yakan kai 3,600. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma soket mai baki uku da muke amfani da shi, irin na Ingila, iyakarsa amfiya 13, wato wajen wat 3,000. Idan ka raba 2,200 da 230 za ka samu amfiya 9.6, soket zai ɗauka. Idan ka raba 3,600 da 230 kuwa za ka samu kusan amfiya 16, ya wuce ƙarfin soket. Irin wannan sai an ja masa layinsa na kansa da waya mai kauri da abin yanke wuta nasa, ko kuma a sayi wanda ke da igiya biyu, kowane ɓangare da tasa. Wanda ya soka shi a doguwar soket ta roba da ake cajin waya da ita, yana gayyatar gobara ne cikin shagonsa da shagunan maƙwabta.

Wannan duka idan akwai wutar ke nan. Abin mamaki, yankin bai rasa manyan kayan lantarki ba: akwai tashar rarraba wuta ta ƙasa a Kwanar Ɗangora, ga kuma madatsar ruwa ta Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, inda gwamnatin Kano ta gina tashar samar da lantarki mai megawat 10. Amma kusanci da tasha ba ya nufin wuta a soket. Hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa B mai 16, C mai 12, D mai 8, da E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Mai niyyar sayen inji ya duba takardar KEDCO ya ga rukunin da layinsa yake, sannan, abin da ya fi wannan muhimmanci, ya yi mako biyu yana rubuta lokutan da wuta ke zuwa. Sana'ar gashi ta yamma da dare ce. Wutar da ke zuwa ƙarfe biyun dare ta ɗauke da asuba, ko awa nawa ta yi, ba ta da amfani ga mai shawarma.

Akwai kuma matsalar raunin wuta, wadda garuruwan da ke ƙarshen dogon layi suka sani sarai. Zafin hita ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa. Idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, injin wat 2,200 zai koma bayar da wajen wat 1,350 kacal. Fitilarsa na kunne, mai shago na ganin kamar komai lafiya, amma faranti ya ƙi kaiwa zafin da ake so, burodi ya bushe maimakon ya gasu, kwastoma ya gaji da jira ya koma mota.

To janareta fa? Ƙaramin nan da ake kira "na fi maƙwabcina" bai kai wat 1,000 ba, don haka ba ya cikin lissafi. Wanda aka rubuta wa kVA 2.5, bisa ƙa'idar da masu gyara ke bi ta ninkawa da 0.8, abin da zai ɗauka bai wuce wat 2,000 ba, ga shi kuma akwai firij da fitilu da fanka a kansa. Wanda ke son tayar da inji mai wat 2,200 cikin kwanciyar hankali yana buƙatar janareta mai kVA 3.5 zuwa sama, wanda zai sha wajen lita guda ko fiye ta fetur a kowace awa. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, wannan lita ta zama abin da sai an lissafa ta a cikin kuɗin kowace shawarma. Mu ɗauka mutum na buɗe shago awa biyar yana sayar da guda 25 a dare: kowace biyar na ɗauke da kuɗin lita ɗaya. Idan guda 100 yake sayarwa, nauyin ya rabu a kan 20. Wannan ne ya sa inji ɗaya ke kawo riba a unguwar Zoo Road da ke birni, ya kuma cinye jari a garin da ciniki bai kai haka ba.

Masu tunanin sola su ma su yi hattara. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, kuma idan irin na dalma ne, rabin wannan kawai ake ja idan ana son ya yi ƙarko. Injin da ke cin wajen yunit biyu a awa idan ciniki ya kankama zai zuƙe batir guda cikin ƙasa da awa ɗaya. Sola na da kyau ga fitila da firij da na'urar POS, amma duk abin da aikinsa samar da zafi ne, yana cin batir kamar gara.

Na gas

Saboda waɗannan dalilai, a mafi yawan garuruwan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, shawarar da zan bai wa mai farawa ita ce ya fara duba tosta mai aiki da gas. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 13 na lantarki, kuma ko da wani kaso na zafin yana bin iska, har yanzu ya fi sauƙi a kan ƙona fetur a janareta don a mayar da shi lantarki sannan a sake mayar da lantarkin zafi. Ba ya jiran NEPA, kuma mai abincin biki na iya ɗora shi a mota ya kai shi duk inda taro yake, ko ɗaurin aure ne a Yako ko taron bita a Bagauda, inda reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya yake.

Sai dai shi ma da nasa. Da yawa daga cikin waɗanda maƙeran gida ke haɗawa, wuta a ƙarƙashin farantin ƙasa kawai take, na sama nauyi ne kurum, don haka sai an juya abinci. Ba su da maballin daidaita zafi, idon mai gashi ne ma'auni, kuma tsakiyar faranti takan fi gefe zafi. Kafin a biya kuɗi a sa maƙerin ya kunna, a shimfiɗa yankakken burodi ya rufe farantin duka, bayan minti biyu a ɗaga a ga inda ya ƙone da inda ya rage fari. Harshen wutar ya zama shuɗi; idan ja ne ko rawaya, gas ba ya ƙonewa sosai, zai yi baƙin hayaƙi ya kuma ci tukunya da wuri. A tambayi irin ƙarfen da aka yi farantin da shi, a guji wanda aka yanko daga tsohuwar ganga ko ƙarfe mai fenti ko mai shafen tutiya irin na kwanon rufi, domin zafi na fitar da guba daga waɗannan. Tiyon ya zama na gas na ainihi, a ɗaure bakinsa biyu da maɗauri, a gwada yoyo da ruwan sabulu, kada a kuskura a gwada da ashana. Tukunyar ta tsaya a tsaye, nesa da wutar, a wurin da iska ke shiga. Kuma mai sana'a a Doguwa ko Riruwai ya tanadi tukunya biyu, don kada gas ya ƙare masa daren kasuwa alhali wurin ɗuri na da nisa.

Abin da ba zai iya ba

Wasu na sayen injin da tunanin zai maye musu gurbin tukuba. Ba zai yi ba. Daɗin tsire da balangu daga hayaƙin itace da gawayi yake, da kitsen da ke ɗiga kan garwashi ya tashi ya koma jikin nama, kuma Bakano ba ya buƙatar a gaya masa bambancin. Ƙulin da ake tsoma tsire a ciki yana ƙonewa a kan faranti, ya cushe tsagar, ya yi ɗaci. Nama mai ƙashi ba ya kwanciya daidai a ƙarƙashin murfi. Haka kifin Tiga, ƙarfasa ko tarwaɗa, idan gaba ɗayansa ne, fatarsa na manne wa ƙarfe, murfin ya farfasa shi. Wannan aikin raga da garwashi ne. Inda injin ya yi fice shi ne shawarma, burodi mai haɗi, gurasa, tsokar kaza da aka cire wa ƙashi aka buɗe ta, da niƙaƙƙen nama da aka yi wa fasalin waina.

A kan kaza akwai abin kiyayewa. Faranti mai zafi sosai yana ƙona waje ya yi layuka masu kyau alhali ciki ɗanye ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar abinci ya kai maki 70 har cikinsa, kuma ɗan ma'aunin zafi da ake soka wa nama ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin injin. Kada kuma a ɗora burodi a inda aka ɗauke ɗanyen nama yanzu-yanzu ba tare da an kankare an bar farantin ya sake ɗaukar zafi ba. Mai kwangilar biki da ke ciyar da mutum 300, ciwon ciki na dare ɗaya ya isa ya rufe mata ƙofar unguwa gaba ɗaya. Wannan na daga cikin hujjojin sayen mai murfi biyu ga wanda cinikinsa ya kai, a ware ɓangare guda don nama, guda don burodi, kuma idan ciniki ya lafa a kashe ɗaya.

Yawancin masu saye daga kudancin Kano birni suke shigowa, Kasuwar Sabon Gari da titin Faransa da ke kusa da ita, inda ake samun sabo da na gwanjo. Na gwanjo daga Turai sau da yawa ya fi sabon mai araha ƙarko, amma a karanta allon bayansa. Idan an rubuta bolt 110 ko 120, na Amurka ne, kuma soka shi a wutarmu zai sa ya ja kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka yi shi don shi, ya ƙone nan take. A tabbata fulogin na da ƙafa ta uku, ta wayar ƙasa, kuma wayar shagon ma tana da ita, domin jikin injin ƙarfe ne, yaron da ke aiki kuma hannunsa a jiƙe yake, sau da yawa ƙafarsa ba takalmi. Akwai kuma abin da Musulmi da yawa ba sa tunawa: ƙarfen zubi na shan mai, kuma ba ka san irin naman da aka gasa a kan na gwanjo a ƙasar da ya fito ba. Wanda wannan ya dame shi ya nemi fatawa kan yadda ake tsarkake shi, ko ya sayi sabo ya huta.

A sabo kuwa, a nemi shaidar hukumar SON, a karɓi rasit da aka rubuta wa'adin garanti a jikinsa, a sa mai shago ya kunna injin a gabanka har fitilar zafi ta mutu ta sake kamawa, alamar maballin na aiki. Abubuwa biyu ne ke yawan mutuwa a irin wannan inji, ƙarfen hita da maballin daidaita zafi. A tambayi mai shago ko yana sayar da su daban, a kan nawa, sannan a kira mai gyaran kayan wuta na garinku a waya tun kana tsaye a shagon, a ji ko ya taɓa buɗe irinsa. Idan za ka iya, sayi hita guda ta ajiya ka tafi da ita, domin ranar da za ta ƙone, kuɗin motar zuwa Kano da dawowa daga Doguwa, haɗe da cinikin kwana biyu da za a rasa, sun fi kuɗinta.